Yaya Ya Tafi Tun Jiya

Tun daga bakin ƙofar filin jirgi Injiniya ta san yau akwai magana. Matafiya sun yi cirko-cirko da jakunkunansu, allon tashin jirage ya yi ja daga sama har ƙasa, wurin sayar da tikiti kuma babu kowa sai kujeru. Mai gadi ya ce mata ma'aikatan kamfanin jirgin sun shiga yajin aiki, babu abin da zai tashi sai yadda hali ya yi.

Ta sauke kwalin da ta rungumo. A ciki akwai sabuwar matatar ruwa da ta shafe watanni tana ƙerawa, wadda za su nuna gobe da safe a babban taron 'yan kasuwa, a wani birni mai nisa. Kamfanin nasu ne su biyu, ita da yayanta. Ita ke ƙira da haɗawa, shi kuma Allah ya ba shi bakin magana da masu saye. Tare suka yanki tikiti, kujera kusa da kujera. Shekaranjiya ya ce ya sauya nasa, zai riga ta da kwana ɗaya don ya gyara musu rumfa. A lokacin har godiya ta yi masa.

A waje masu yajin suna tsaye cikin kayan aiki, suna ɗaga kwalaye. Cikinsu ta hango matar Yaya, wadda ke sayar da tikiti a kamfanin.

"Anti, ashe har da ke a ciki."

"To ya za mu yi? Ke me kike yi a nan? Na ɗauka tun jiya kin isa."

"Na isa ina?"

"Ai tun makon jiya ƙungiya ta tsayar da rana. Na gaya wa yayanki ku sauya tikiti ku biyun." Anti ta dubi kwalin, sannan ta dubi ƙasa. "Wataƙila mantawa ya yi. Kin san shi."

Ta san shi kuwa. Mutumin da ke riƙe sunayen 'ya'yan kowane mai saye a kansa ba shi ne zai manta da wannan ba. Ta kira wayarsa, ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Can sai saƙo ya shigo: yana cikin ganawa, zai neme ta. Rumfa ya ce zai gyara. Da wa ake ganawa a rumfar da ba a gama kafawa ba?

Tana tsaye tana juya wayar, wata mata mai farin tabarau ta matso kusa da ita.

"Baiwar Allah, ke ma taron za ki? Na ga tambarin da ke kwalinki. Na yi shatar mota, kujerar baya babu kowa. In mun kama hanya yanzu, kafin rana ta faɗi mun isa."

Matar ta ce a wani babban kamfanin famfuna da tankunan ruwa take aiki. Injiniya ta san kamfanin, ƙananan masu sana'a da yawa ya haɗiye. Ta so ta ce a'a, amma motocin haya sun yi wuya, mutane har kokawa suke a kansu. Ta ɗauki hoton lambar motar ta tura wa Anti. Da direba ya miƙo hannu zai sa kwalin a but ɗin motar, ta ce ya bari, a ƙafarta zai zauna.

Ba su gama fita daga gari ba Mai Tabarau ta fara tambaya. Da gawayi suke tacewa ko da yashi? Wa ke yi musu murfin? Injiniya ta riƙa amsawa da "e to" da "ya danganta". Matar ta yi dariya ta koma hirar zafin rana da tsadar mai, har Injiniya ta fara sakin jiki. Sai can, tana goge tabaranta da gefen mayafi, ta ce:

"Yayanki akwai fara'a. Manajanmu ya ce jiya sun daɗe tare a otal."

"Na ce miki ina da yaya ne?"

"Haba, wa bai san ku ba a wannan harkar?"

Injiniya ta mai da ido ga taga. Gonaki suna wucewa, da turakun wuta, da manyan motoci da suka yi layi a gefen titi. Ruwa ba ya tsami banza. Ta tuna kwanan nan Yaya ya koyi kife wayarsa a kan tebur in ta shigo ofis. Ta tuna ranar da injin ma'aikatarsu ya lalace, ya zauna a kan buhun gawayi ya ce ƙaramin kamfani bauta ce kawai. Amma kuma shi ne ya sayar da motarsa ya saya mata injin farko, lokacin da su Kawu ke cewa aikin ƙarfe ba na mace ba ne.

To ita wannan matar fa? Cikin ɗaruruwan mutane, me ya sa ita ta tsinto? Aiko ta aka yi ta leƙa kwalin, ko ta zuba maganar da za ta raba wa da ƙanwa? Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma Injiniya ba ta san ko nasu bangon ya riga ya tsage ba.

Da suka tsaya shan mai, ta fita wanke fuska da kwalinta a hannu.

"Ki bar shi mana, ba a cin kwali," in ji Mai Tabarau.

"Ya saba da ni ne," ta ce. Direba ya tuntsire da dariya, matar kuwa murmushi kawai ta yi.

Rana ta yi sanyi suka isa. Zauren taron cike yake da ƙarar guduma da masu jan igiyar wuta. Ta sami Yaya a kan tsani yana ɗaure ƙyallen sunan kamfaninsu, rigarsa sharkaf da gumi. Ya sauko da sauri.

"Kin iso. Sannu da hanya, na yi ta—"

"Anti tana gaishe ka. Ta ce ta ba ka saƙo tun makon jiya."

Ya ajiye igiyar da ke hannunsa. Bai yi musu ba, kuma wannan ya fi ƙona mata rai.

"Babban kamfanin famfunan nan ne ke so su sayi ƙirar," ya ce. "Manajan ya ce mu gana. Na san in kina wurin, kafin ya rufe baki kin miƙe. Ni dai so na yi in ji ƙarshen maganar."

"Shi ne ka bar ni a filin jirgi."

"Na san za ki iso. Ke ko a ƙafa ne sai kin zo."

"Me ka ce musu?"

"Na ce ba ni da ta cewa. Ƙirar taki ce."

"Da taka ce fa?"

Ya dubi masu kafa rumfar da ke gefe. "Da na yi tunani," ya ce. "Na gaji, ƙanwata. Ke injin kike gani, ni nake ganin fuskokin ma'aikata ƙarshen wata."

Ta tambaye shi game da matar da ta kawo ta, mai farin tabarau. Ya ce bai san wata mai tabarau ba. Ta dubi idonsa sosai, ba ta ga ƙarya ba, ba ta kuma ga abin da zai kwantar mata da hankali ba.

Washegari ita ta yi bayanin da kanta. Da ta zuba ruwan laka a matatar ya fito fes, mutane suka matso. Wani mai kula da asibitoci ya ce zai zo ya ga ma'aikatarsu. Da jama'a suka ragu, manajan ya iso, Mai Tabarau tana biye da shi. Matar ta gaishe da Yaya da fara'a, ta ce masa ina gajiya. Yaya ya amsa yana gyara kujera. Gaisuwar sani ce ko ta 'yan kasuwa, Injiniya ta kasa rabewa.

Ta saurari manajan har ya kai aya, ba ta miƙe ba. Ta ce za su yi shawara a gida. Da ya ce zai kira Yaya ya ji yadda suka yanke, ta karɓi wayarsa ta sa masa lambarta.

"Wannan za ka kira, ranka ya daɗe," ta ce.

Yaya ya juya. Ya ɗauki bokiti ya tafi ɗebo ruwa, don wasu masu kallo sun sake taruwa a bakin rumfar.