Ruwa a Ɗakin Littattafan Wan Derahman

Ruwan ya fara shigowa ta ƙarƙashin ƙofa tun Mek Som ba ta gama kwashe faya-fayan garmaho daga kantar ƙasa ba. Mijinta, Wan Derahman, yana zaune a keken guragu a tsakiyar falo, yana kallon yadda ruwan ke malala a kan siminti, launinsa kamar shayi da madara, ɗauke da ganyaye da tururuwa.

"Masu jar takarda tukuna, Som. Kada ki kwantar da su, fashewa za su yi."

"Hannu biyu gare ni, Abang," in ji ta, yadda matan ƙasar ke kiran mazajensu.

Tun farkon mako ake zuba ruwa a Pasir Mas. Da hantsi motar agaji ta ratsa unguwar da lasifika, ana cewa kowa ya koma makarantar da ke kan tudu. Maƙwabta suka ɗaure kayansu suka tafi. Wan Derahman ne ya ce shi da matarsa su tsaya. Tun da ya gina gidan nan kogin Kelantan bai taɓa wuce dokin ƙofarsa ba, kuma wa zai bar wa ɗakin nan? Tun yana aiki a gidan rediyo yake bin ƙauyuka da rikoda, yana ɗaukar waƙoƙin masunta da na mata masu dashen shinkafa. Duk sun mutu yanzu, muryoyinsu ba su saura ko'ina ba sai a kaset-kaset ɗinsa. Ga littattafan rubutun hannu da ya yi ta roƙo a gidajen tsofaffin malamai, ga zane-zanen tsohuwar tashar jiragen ruwa da Turawa suka buga. Bara ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi, ya kashe masa hannu da ƙafar hagu. Tun daga nan Mek Som ce hannunsa, ita da ba ta taɓa ɗaga ko ɗaya daga cikin kayan ba sai don ta goge ƙura.

Ruwa na kaiwa idon sawu aka ɗauke wuta. Wayar Mek Som ta yi ƙara. 'Yarsu Rohani ce daga Kuala Lumpur, tana kuka tana faɗa.

"Har yanzu kuna gida? Na kira Mat Zin mai kifi, ya ce zai zo da kwalekwalensa in ya samu hanya. Mak, ki bar tarkacen nan ki fito da shi."

Layin ya yanke. Mek Som ta ajiye faifan da ke hannunta, ta nufi ƙofa. Ta murɗa, ta tura da kafaɗa. Ƙofar zuwa waje take buɗewa, ruwan da ke bayanta kuwa ya fi na ciki tudu. Ko motsi ba ta yi ba. Ta gwada ta kicin, ita ma haka. Ta dawo ta tsaya tana duban tagogi, shi ma ya dube su. Duk ƙarafa ne, shi da kansa ya sa aka dasa su saboda ɓarayin littattafai.

A lokacin ne tsoro ya shige shi sosai. Ya ji sanyin ruwa yana hawa ƙwaurinsa na dama, na hagu kuwa ba ya jin komai, sai dai ya ga zanensa yana yin duhu yana mannewa da fata. Kafin wani lokaci ruwa ya taɓa mazaunin keken.

"Hau tebur, Som."

"Kai fa?"

"Hau na ce."

"Ka yi ta cewa."

Ta tura keken zuwa jikin teburin cin abinci, babban tebur na katako mai nauyi. Ta sa hannuwanta a hammatarsa ta ɗaga. Mace ce ƙarama, ga shekaru. Ta ɗaga shi kaɗan, santsi ya kwashe ta, suka koma tare, keken ya karkata har ruwa ya shiga bakinsa. Ya yi tari, ya ji ɗanɗanon laka da man fetur. Da ta miƙe, sai ya ga gwiwarta na zubar da jini.

"Ba zan iya ba, Abang. Wallahi ba zan iya ba."

Ya duba ɗakin. A kan kanta ta tsakiya manyan littattafan taswira suke, masu bangon fata, kowanne ya kai faɗin tire. Ya yi shekaru yana bin wani ɗan kasuwa a Penang kafin ya sallama masa su.

"Kawo na taswira. Ki jera su a ƙasa kamar matakala."

Ta dube shi. "Waɗanda ka hana jikokinka ko shafawa?"

"Su. Yi sauri."

Ta riƙa ɗauko su tana dannawa cikin ruwa, tana take su da ƙafa don kada su taso. Ya ɗora ƙafarsa mai rai a kan na farko, ya ji fatar ta loɓa kamar jiƙaƙƙen burodi. Ya rungumi wuyanta da hannu ɗaya. Ita ta riƙa ɗaga masa matacciyar ƙafar tana ajiyewa, tana nishi, tana kiran sunan Allah. A hawa na ƙarshe tulin ya zame, amma ƙirjinsa ya riga ya faɗa kan tebur. Ta ja shi da bayan riga, sannan ta hau.

Suka zauna kafaɗa da kafaɗa. Ɗakin ya yi duhu ko da yake rana ce, ba a jin komai sai rugugin ruwa a kan kwano. Kaset-kaset suna yawo a gefensu, zaren wasu ya warware yana bin ruwa kamar gashi. Wani zanen tashar jiragen ruwa ya wuce su a kife. Sai wani maciji siriri ya shigo ta tsakanin ƙarafan taga, ya ratsa falon da kansa a sama, ya haye kantar littattafai ya ɓace.

"Ka gan shi?" in ji ta da raɗa.

"Kada ki duba can. Dube ni."

Ruwa ya shafe saman tebur, ya jiƙa musu cinyoyi. Wan Derahman ya ɗaga kai ya auna tazarar da ta rage zuwa rufi. Ya tuna motar agajin nan da ya hana su bi. Ita kuwa salati take yi, ta riƙe mataccen hannunsa gam, ta manta ba ya ji.

Ruwa ya kai musu kugu lokacin da suka ji ƙarar inji, sannan sara a ƙofar kicin. Gatari ya ɓullo, katako ya tsage. Mat Zin ya shigo, ƙato da shi, ruwa har ƙirji, surukinsa na biye.

"Pak Wan, ka gama karatun, ko mu dawo gobe?"

Suka ɗauke shi kamar buhun shinkafa. Suna bi da shi ta gaban kantoci, bakinsa ya suɓuce.

"Mai koren bango... a can sama."

Ba da kowa yake magana ba. Littafin waƙoƙin matuƙa kwalekwale ne, rubutun hannu, babu na biyunsa a duniya. Sai da suka ɗora shi a kwalekwale ya waiwaya, ya ga Mek Som ba ta bayansu.

"Som?"

Ba ta iya ruwa ba, ko a ƙuruciya ba ta taɓa shiga kogi ba. Ya tuna inda macijin ya hau. Ya yi ƙoƙarin ƙwala kira, abin da ya fito bai wuce gurnani ba. Mat Zin ya yi tsaki ya koma ciki. Wan Derahman ya ƙura wa baƙin ramin ƙofar ido, igiyar ruwa tana buga kwalekwalen da bango. Ya ji wani abu mai nauyi ya faɗi a ciki. Ya rufe ido.

Da ya buɗe, Mat Zin ne ke fitowa riƙe da ita a gefensa, ruwa har haɓarta, hannunta ɗaya a sama da ƙullin leda.

"Mek Som, ke ma kin kamu da ciwon nasa," in ji Mat Zin yana tura ta ciki.

Aka tayar da inji. Suka bi ta kan abin da jiya titi ne, suna sunkuyar da kai saboda wayoyin lantarki. Mek Som ta ɗora masa ledar a cinya. Ya kwance ta da haƙori da yatsu. Koren bango ne, ko ɗigon ruwa bai taɓa shi ba. Littafin koyon kiwon kaji ne, wanda ya taɓa saya a tashar mota don ya rage zaman jira.

Tana kallonsa, ɗankwalinta ya zame, haƙoranta na haɗuwa saboda sanyi.

"Shi ne, Abang?"

Ya mayar da shi cikin leda, ya cusa a ƙarƙashin rigarsa, sannan ya kama wuyan hannunta ya riƙe.

"Shi ne," ya ce.