Zanen Gidan Kailani

A bayan jirgin ƙasa motar ta iso Zariya, lulluɓe da tamfol, a shekarun da Tudun Wada ba ta wuce unguwar baƙi ba. Ta wani Baturen kamfanin auduga ce da ake kira Mai Lofe, don ba a taɓa ganin bakinsa babu lofen shan taba ba. Ja ce, doguwa, babu rufi, kujera biyu rak. An ce a ƙasarsu don tsere aka ƙera ta. A kan hancinta akwai wata 'yar lamba ta farin ƙarfe, faɗin tafin hannun jariri: zane biyu a karkace, na uku kwance a ƙarƙashinsu.

Kailani ne direbanta. Mutum ne mai haƙuri, kuma wautarsa har yau tana ba ni haushi, ko da yake tausayinsa ya fi yawa. Yana ƙarami aka kamo shi daga can kudu, ya bi hannaye da yawa kafin a hana cinikin bayi. Bai san garinsu ba, bai san sunan uwarsa ba. Fuskarsa sumul, ko bille babu. A Tudun Wada kuwa, da yake kowa baƙo ne, fuska ake fara dubawa kafin a tambayi suna. Wannan Bagobiri ne, wancan Babarbare, ga Banufe can. In aka zo kan Kailani sai a yi ɗan murmushi a wuce zuwa na gaba, shi kuma murmushin nan ya fi masa zagi ciwo.

Da la'asar, in Mai Lofe ya shiga kulob ɗinsu na Turawa, Kailani yakan kawo motar gindin tsamiyar unguwa ya wanke. Nan masoyanta ke taruwa, tela da mahauci da magina, mutanen da ba za su taɓa hawanta ba amma sun fi mai ita sanin kukanta. Gardamarsu kullum a kan lambar nan take. Wani ya ce hatimi ne irin na Nasara, don kada ta kife. Wani ya ce baƙin boko ne. Kailani dai ya goge ta da toka da lemun tsami har sai ya ga fuskarsa a ciki.

Akwai kuma Malam Salmanu, tafintan Bature, ɗan gidan malamai ne daga cikin birni wanda ya haɗa da boko. Kafin motar ta zo, duk inda Mai Lofe za shi, dokin Salmanu na gefen nasa. Amma mota kujera biyu gare ta. Yanzu in an fita rangadin kasuwannin auduga, bawan jiya ne zaune kusa da Bature, shi kuwa Malam yana biye a bayan babbar mota bisa buhuna, rawaninsa cike da kaɗa. Bai taɓa ɗaga wa Kailani murya ba. Da fara'a yake gaishe shi, har ya tambayi lafiyar iyali.

Wata safiya Bature ya tarar da Kailani yana goge lambar. Abin ya yi masa daɗi, ya shiga dogon bayani da Turanci, yana nuna lambar, yana ɗosa lofensa a cinya. Kailani ya dubi Salmanu.

"Malam, me ya ce?"

Salmanu ya ji komai sarai. Amma sai ya zaɓi rabin da ya ga dama.

"Ya ce wannan zanen gidan mai ƙera motar ne, tun daga kakansa. Ba kowace mota ake yi wa ba, sai wadda ta ci tsere. Duk mai ɗauke da shi ba a wuce shi."

"Zanen gida, Malam? Ashe su ma suna yi?"

"Suna yi mana. Kamar dai yadda ka ga na Gobirawa."

Maganar nan ta shiga Kailani ta zauna. Lokacin matarsa Kulu tana da tsohon ciki, ba a jima ba kuwa ta haifi namiji. Zanen uba ake yi wa ɗa, uban kuma ba shi da shi. Mata masu zuwa barka har sun fara raɗa a kan haka, da ƙarfin da mai jego za ta ji.

Kailani ya sami Nagoda wanzami, ya kai shi gaban motar ya nuna masa lambar. Nagoda ya girgiza kai.

"Na gaji aska daga kakanni, ban taɓa yin wannan ba. Na wane gari ne?"

Salmanu, wanda yake tsaye a wurin kamar hanya ce ta biyo da shi, ya ce, "Na babban gida ne, Wanzam. Da kunnena na ji." To, wa zai musa wa malami kuma tafinta?

Kulu ce kaɗai ta ƙi. Ta ce, "Maigida, bar mini ɗana da fuskarsa. In ta zama irin taka, ai da ita na gan ka na aure ka."

"Ke ba ki san abin ba," in ji shi. "Ba za a zo kan ɗana a majalisa a yi murmushi a wuce ba. Gida zan kafa masa."

Ranar suna da hantsi aka raɗa wa yaro Isiyaku. Nagoda ya yi masa aski, sannan ya tsaga kowane kunci, biyu a karkace ɗaya a kwance, ya shafa baƙin tukunya don zanen ya zauna. Aikin ya yi kyau, ba laifin da za a ɗora wa hannunsa. Kailani yana ta yawo a ƙofar gida cikin sabuwar riga, bakinsa ya ƙi rufuwa.

Da la'asar sai ga jar mota. Da yake direba na hidima, Mai Lofe ne ya tuƙo da kansa, Salmanu zaune a kujerar da ya daɗe yana hange. Unguwa ta taru. Wata tsohuwa ta fito da jariri don Bature ya gani. Ya leƙa, ya cire lofe daga baki, ya waiga ya dubi hancin motarsa. Sai dariya ta kama shi har da tari. Ba don mugunta ba, shi dai abin dariya ya gani. Ya maimaita bayanin nan na ranar, yana ɗosa lofe a cinya, yana cewa tsss.

Wannan karon Salmanu bai rage ko kalma ba. Ya gyara murya yadda na bayan katanga ma za su ji.

"Ya ce kakan mai ƙera motar nan dawakin sukuwa yake kiwo. Yana da wani ƙarfe da yake sawa a wuta, ya ɗosa wa kowane ɗan doki a cinya, don kowa ya san dabbarsa ce. Lalas dai, irin wanda kuka sani. Da jikan ya fara ƙera motoci, sai ya riƙa manna shi a kan waɗanda suka ci tsere, wai su ma dabbobin gidan ne."

Mahauci ne ya fara sakin dariya, saura suka bi. Mutanen da Kailani ya ciyar da tuwon suna ɗazu, su ne suke riƙe ciki. Daga cikin gida aka ji Kulu ta ƙwalla ƙara.

Kailani ya matso kusa da Salmanu. "Malam, kai ka ce mini zanen gida ne."

"To ai na gidan ne," in ji Salmanu, da fara'arsa ta kullum. "Ban ce maka na 'ya'yan gidan ba ne."

Kashegari Kailani ya je wa Nagoda da kuka, ko akwai dabara. Nagoda ya ce zanen ya riga ya sha baƙi, duk abin da aka ƙara sai dai ya ɓata fuskar. Kulu ba ta ƙara tayar da maganar ba, ba ta kuma ƙara yi wa mijinta dariya ba. In za ta fita, sai ta ja mayafi ta rufe kan goyonta, ko da ana zafi.

Kailani bai bar aikin ba, don ba shi da inda za shi. Kowace safiya ya durƙusa gaban motar da toka da lemun tsami. A unguwa kuwa babu mai kiran yaron Isiyaku in ba iyayensa ba. Dokin Bature, shi ne sunan da ya bi shi.

Yaron ya fara wayo lokacin da Mai Lofe ya gama aikinsa zai koma gida. Kailani ya tuƙa motar zuwa tasha, aka ɗora ta bayan jirgi. Ya tsaya cikin masu rakiya, ɗansa a kafaɗa. Salmanu ya gitta ta gabansu, ya ce wa jama'a, "Af, Bature ya manta da ɗan dokinsa." Aka yi dariya, kamar yadda aka saba.

Isiyaku bai gane ba. Shi lambar yake kallo, tana walƙiya kafin leburori su ja tamfol. Ya taɓa kuncinsa, ya girgiza kan ubansa da murna.

"Baba, duba, irin nawa! Garinmu za ta?"

Kailani ya dubi motar. Mutane suna jiran su ji.

"I," in ji shi. "Garinmu za ta."

Yaron ya yi ta ɗaga wa jirgin hannu har ya ɓace.