Turbar Kwarin Tsamiya

Mutanen layinsu a Kambarawa sun daɗe da yanke wa Malam Ɗanliti hukunci, wai tsufa ne ya zo masa ta ƙafa. In ba haka ba, dattijo mai shekara saba'in da ɗoriya, wanda ya yi ritaya da mutuncinsa, me zai fitar da shi duk Asabar da sassafe, da kambas da gorar ruwa, ya hau Napep zuwa Batagarawa, sa'an nan ya sauka ya nausa cikin gonaki da ƙafa? Ga hanyar mota, ga 'yan acaɓa har ƙofar inda za shi. Shi dai ba ya tanka musu. Sai ya amsa gaisuwa ya wuce abinsa.

Inda yake zuwa wani lambu ne a ƙauyen Kwarin Tsamiya, a gindin tsauni. Lambun amininsa ne, marigayi Alhaji Siddiq. Tare suka yi shekara talatin a ofishin safiyo suna jan tef suna kafa duwatsun iyaka, tare kuma suka ajiye aiki. Siddiq ne mai kafiyar tsiya. Ya ce inabi zai dasa a ƙasar Katsina, aka yi masa dariya har a masallaci, ya dasa, ya kafa masa rumfunan waya, inabin kuma ya yi. Siddiq ɗin ne ya fara jan Malam Ɗanliti bin turbar da ke zuwa lambun. Ta taso daga bayan gari, ta ratsa gonaki, ta sauka rafi inda ake taka duwatsu bakwai a haye, ta kutsa tsakanin wasu manyan duwatsu biyu, ta bi ta tsakiyar gonar wani manomi, ta faɗa ƙofar lambun. Tafiyar sa'a ɗaya da rabi ce. Shekara bakwai suna binta su biyu, suna musu a kan komai, daga siyasa har wanda ya fi wani furfura.

Shekara huɗu ke nan da rasuwar Siddiq. 'Ya'yansa sun ba wani lambun yana kula da shi, mutumin kuma ba ya hana Malam Ɗanliti zama a ƙarƙashin rumfa. Hajo, matar Malam Ɗanliti, ita ma ta riga shi gidan gaskiya. 'Yarsa Rashida tana Abuja da mijinta, tana kira ranar Juma'a.

"Baba, don Allah ka daina shiga dajin nan. Ka san yadda ƙasar take yanzu."

"Ba daji ba ne, ɗiyata, gonaki ne."

Abin da bai gaya mata ba shi ne tsoronsa, don ya san dariya za ta yi. Turbar mutuwa take yi. Tun da babura suka yi yawa, babu mai binta sai shi da awaki. Kuma shi ya fi kowa sanin halin manoma: turbar da ba a takawa, kowace damina garma sai ta ci kunya ɗaya daga gefenta, baɗi ta ƙara ɗaya, wata rana a wayi gari babu ita. Babu kuma takardar da za ta cece ta. Shi da hannunsa ya zana taswirar yankin tun yana saurayi, ya sa rafi, ya sa tsauni, ya sa hanyar mota, bai sa turbar ba, don a lokacin bai ɗauke ta a bakin komai ba. Wannan abu yana cin ransa.

Wurin da ya fi ba shi tsoro gonar nan ta ƙarshe ce, inda turbar ta raba ta biyu. Ya taɓa jin masu lambu suna kiran mai gonar Bala. Wani dogo ne mai ƙarancin magana. Tsakaninsu sai ɗaga hannu daga nesa. "Sannu da aiki." "Yauwa, a sauka lahiya." Shekara goma sha ɗaya iyakarta ke nan. Amma duk shekara Bala yana barin faɗin taku biyu a tsakiyar geronsa.

To, a bana, ana saura kaɗan damina ta faɗi, Malam Ɗanliti ya zame a makewayi. Gwiwa ta kumbura ta yi suntum. Likita ya naɗe ta, ya ce kada ya kuskura ya taka sai bayan mako shida.

Mako shida ba wasa ba ne ga mutumin da yake shi kaɗai a gida. Maƙwabta sun shigo a kwanakin farko, sun yi sannu, sun aiko da kunu, daga nan kowa ya koma harkarsa, ba kuma laifinsu ba ne. Ya zauna a tabarma a ƙofar ɗaki, rediyo a gefe, yana kallon rana tana tafiya a jikin katanga. Wani yinin ba ya buɗe baki sai a salla. Kaɗaici ya ishe shi, har ya kai yana jin haushin agogon bango.

A mako na biyu aka yi ruwan shuka. Da hantsi hadari ya haɗo daga gabas, aka sheƙa kamar da bakin ƙwarya, ƙamshin ƙasa ya cika gidan. Duk gari murna ake. Shi kuwa gabansa ne ya faɗi, don ya san gobe shanun huɗa za su fita. Ya ɗauki waya, ya duba sunayen da ke ciki daga sama har ƙasa. Babu ko mutum ɗaya da zai iya cewa ya je ya taka masa turba. Wa ma zai fahimci maganar? Ya ajiye wayar.

Bai cika makon likita ba. A Asabar ta biyar ya ɗaure gwiwar da ƙyalle, ya ɗauki sanda, ya fita.

Duniya ta yi kore shar. Ya bi turbar a hankali, yana ɗingishi, yana dubanta taku taku. Ciyawa ta rufe ta a wurare, amma tana nan. Rafin ya kawo ruwa, duwatsu biyu sun nutse, ya tuɓe kambas ya haye da sanda. Tsakanin manyan duwatsun nan biyu ya tsaya ya huta, ya sha ruwa, har zuciyarsa ta fara sanyi. Ya ce a ransa, ashe dai fargabar banza na yi.

Da ya fito daga tsakanin duwatsun sai ya tsaya cak.

Gero ne. Kunya bayan kunya, miƙaƙƙu, daga wannan iyaka har waccan, tsiron ya kai tsawon tafin hannu. Ko alamar inda turbar ta bi babu. Can gaba, bai fi taku ɗari biyu ba, ga rumfunan inabin Siddiq a gindin tsauni, ganye ya lulluɓe su.

Bala yana tsakiyar gonar a duƙe yana noman firi. Ya ɗago, ya hango shi, fartanya ta suɓuce daga hannunsa. Ya daɗe a tsaye kafin ya tako, yana tsallake kunyoyi, yana salati a hankali.

"Malam, kai ne?"

"Ni ne. Ina kwana, ya aiki, ya iyali?"

"Lahiya lau, alhamdulillahi. Malam, ashe kana raye?"

Malam Ɗanliti ya dogara a kan sandarsa yana dubansa.

Bala ya durƙusa a gefen kunya, ya cire hula ya goge fuska. "Wallahi ban yi don wulaƙanci ba. Asabar ta hwarko ban gan ka ba, na ce ko tahiya ka yi. Ta biyu aka yi ruwa, kowa ya yi huɗa, ni na huɗe gehe da gehe na bar maka wurinka. Ta ukku na zauna can bakin dutse tun sahe har azahar. Shekara goma sha ɗaya ko da azumi ba ka taɓa hwashi ba. Na tuna yadda ɗan'uwanka ya ɗauke ƙahwa, sai labari muka ji. Na ce shi ke nan, dattijon nan ya bi abokinshi."

"Faɗuwa na yi. Gwiwa ce."

"Allah ya ƙara sauƙi. Ban san gidanka ba, ban san wa zan tambaya ba. Ranar Juma'a na sa liman ya yi maka addu'a, mai ɗakina ta toya waina muka yi sadaka. Washegari na sa garma." Ya juya ya kalli gonar, ya miƙe. "Bari in tuge layi biyu. Yanzun nan, ba ya ɗaukar lokaci."

"Kul," in ji Malam Ɗanliti. "Kada ka taɓa shi."

Ya san abin da yake faɗa. Geron da ya riga ya tsiro abincin yara ne, babu mai hankalin da zai sa a tuge shi don wani tsoho ya ji daɗin tafiya. Ya kuma san ko an ce bayan girbi, ƙasar da garma ta shiga sau ɗaya ta zama gona. Ya kalli rumfunan inabin. Idanunsa suka ciko, bai ɓoye ba. Ba turbar kaɗai ce ta sa shi hawaye ba. Mako biyar yana kwance a cikin birnin da aka haife shi, kuma mutumin da ya ƙirga kwanakin rashinsa, har ya yi masa sadaka, wannan ne da ko hannu ba su taɓa haɗawa ba.

"In kai ka ta hanyar mota? Ga babur can gindin marke."

"A'a. Ta inda na zo zan koma."

Bala ya raka shi har bakin duwatsun, yana riƙe masa gorar ruwa. A nan ya tsaya, yana murza hularsa, kamar mai jin nauyi.

"Malam, ka yi haƙuri da tambaya. Mi ne sunanka? Ranar nan liman ya ce wa za a yi wa addu'a, na rasa abin cewa. Sai na ce mishi, mai wucewa ranar Asabar."