Ɓarawon Wuta a Babur ɗin Hammajoda

A bazarar shekarar da Arewa ta karɓi mulkin kanta, ciwon bushiya ya ɓullo ta wajen Ningi. Wanda ya taɓa ganin aikin ciwon nan ba ya son ko jin sunansa. Saniya ta fara hawaye da dalala, ta koma zawo, kafin mako ya zagayo sai ungulu. Hammajoda ya gani da idonsa tun yana ƙarami a ruga, shi ya sa da ya gama makaranta ya zama malamin allurar shanu a ofishin dabbobi na Bauchi. Yanzu kuma labari ya zo cewa saura ruga biyu ciwon ya isa rugar baffansa Modibbo, mil arba'in daga gari, inda shanun mahaifiyarsa Habibatu goma sha ɗaya suke kiwo. Su ne abin da ta mallaka a duniya, ta san sunan kowace da sunan uwarta.

Baturen dabbobi, wanda rabin hankalinsa ya riga ya koma ƙasarsu, ya ce maganin rigakafi zai iso ran Laraba. Alhamis da safe za a sa shi cikin filas da ƙanƙara a miƙa wa Hammajoda. Muddin ƙanƙarar tana nan maganin yana da rai, in ta narke ya mutu. A zafin bazara kuwa ba ta wuce azahar.

Sai babur ɗinsa ya zaɓi wannan makon ya fara tsiya. Baƙin babur ne na Ingila, irin wanda wutar fulogi daga batir take fitowa, in batir ya kwanta shi ma ya kwanta. Ran Litinin fitila ta yi ja kamar garwashi. Ran Talata ya danna ham, sai wani ɗan kuka ya fito kamar na ɗan akuya mai mura. Ran Laraba ya buga kik har gumi ya jiƙa masa riga, ko tari babur bai yi ba. Tsoro ya kama Hammajoda sosai. Ya tura shi tun daga Ƙofar Wambai har rumfar Ladan makanike.

Ladan mutum ne da ba a sa shi sauri, ko gobara ake yi sai ya gama tauna goronsa. Ya cire batir ɗin, ya buɗe bakunansa uku, ya leƙa, ya taɓe baki.

"Wannan kam ya riga mu gidan gaskiya, Malam Hamma. Dubi yadda cikinsa ya yi fari. Sai sabo."

Sabbin batura biyu ne a kan bencinsa. Idon Hammajoda ya sauka kan babban, mai baki shida.

"Ba wannan ya fi ƙarfi ba? Tafiyar daji ce a gabana."

"Ya fi ƙarfi, ƙarfin da zai ƙone maka ƙwan fitila da kwayil kafin ka kai Ƙofar Wunti. Babur ɗinka mai baki uku yake ci, kada ka ɗura masa abin da ba cimarsa ba. Kuma ka riƙe wannan: a baburan Ingila jan kai shi ke zuwa jikin ƙarfe. In ka juya, ka kashe. In ruwansa ya ja baya ka ƙara masa ruwan sama, ban da na rijiya."

Ya ɗora mai baki ukun, wanda ya kwana a caji, ya ɗaure waya ɗaya. Da ya kai ɗayar kan batir sai ya tsaya. Ya ɗaga, ya sake taɓawa. Ya ja babbar rigarsa ya yi wa wurin inuwa, ya ce Hammajoda ya matso ya duba. Makulli a kashe, fitila a kashe, amma duk taɓawa sai ɗan tartsatsi shuɗi ya yi tsalle.

"Akwai ɓarawo a cikin babur ɗin nan," in ji Ladan, muryarsa ta yi ƙasa. "Ba tsufa ya kashe tsohon ba, tsotse shi aka yi. In ba mu kama shi ba, sabon ma haka zai bi."

Suka shiga farauta. Ladan ya cire wayar ham, tartsatsi na nan. Ya cire ta fitilar gaba, ya cire ta baya, yana nan. Ya buɗe dainamo ya hure, ya ce wannan ba ruwansa. Rana ta take tsaka, ta karkata, Hammajoda yana tsaye yana ƙirga sa'o'in da suka rage masa. Can wajen la'asar Ladan ya kwance sirdi ya ɗaga, sai ya ja hannunsa baya.

Laya ce, ɗinkin jar fata, an ɗaure ta da siririyar wayar tagulla, an haɗa da babbar wayar batir da ƙarfen babur an naɗe su wuri guda. Girgizar hanya ta sa tagullar ta ci robar wayar har ta kai ga ƙarfen ciki.

"Ga ɓarawonka," in ji Ladan. "Amma ni hannuna ba zai kwance ta ba. Wa ya ɗaura?"

Hammajoda ya san naɗin. Haka Innarsa Habibatu take ɗinke tsagar ƙwarya, zagaye bisa zagaye, babu wanda ya hau wani. Da hannunsa ya warware, ya sa layar a aljihun rigarsa. Ladan ya naɗe raunin wayar da baƙin tef, ya sake gwadawa, babu tartsatsi. Bugu ɗaya babur ya tashi, ham ya yi ƙara har kajin maƙwabta suka watse.

"Ka gaya wa mai ita ta rataya maka a wuya," Ladan ya ce yana goge hannu. "Can ba waya."

Faɗa ce mai sauƙi a bakin Ladan. Hammajoda ɗan fari ne, Habibatu kuwa Bafulatana ce ta asali, wadda zaman birni bai rage mata komai ba. Shekara ashirin da tara ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa duban tsakiyar idonsa ba. In tana son ya ci abinci, sai ta fuskanci bangon ɗakin girki ta ce, "Ko mai babur zai ci tuwo?" Shi kuma ya amsa wa ƙasa. Duk maganar da ta fi wannan nauyi matarsa A'i ce ke ɗaukarta daga wannan ɗaki zuwa wancan, A'i kuwa tana gidansu wankan jego. Mutane suna yaba irin wannan kunya, ni ma na sha yabawa, amma ranar nan da ma a ce ɗayansu ya yi rashin kunya na minti ɗaya.

Ya shigar da babur zaure, ya tarar da Inna a tsakar gida tana tankaɗe. Ya durƙusa ya gaishe ta, ta amsa wa rariya. Maganar ta zo masa har baki. To, ya ce mata me? Ya ce kariyar da ta nema masa a ɓoye ita ta kusa kashe shanunta? Ai faɗin haka tona mata asiri ne, a nuna an gane tana son ɗan farinta har tana lallaɓawa zaure in ba kowa. Ya haɗiye maganar, ya ce a ransa in A'i ta dawo ta faɗa mata. Ya tuɓe rigar ya rataye a ƙusa.

Da ya dawo daga sallar asuba ya sa kakinsa na aiki. Rigar jiya ba ta kan ƙusa, ya hango ta a kan igiya an wanke, tana ɗigar ruwa. Wani abu ya ɗan taɓa zuciyarsa, amma ƙanƙara na jiransa a wurin Baturen dabbobi a Ji'ara'e, bai tsaya bin abin ba. Yana fitar da babur ya ji muryarta daga bayan zana, tana gaya wa bango, "Allah ya kai mai babur lafiya. A duba mini saniyata Wule, tana da ciki."

Ƙarfe bakwai ya karɓi filas, ya ɗaure shi a baya cikin buhu jiƙaƙƙe, ya kama hanyar Ningi. Hanyar jar ƙasa ce mai gargada, irin wadda ke kaɗa haƙoran mutum. Mil goma na farko lafiya lau, har ya fara jin sanyi a ransa. A mil na sha biyar ya lura tsinken agogon caji, wanda ya kamata ya jingina dama, yana rawa a tsakiya. Ya ce gargada ce. Ya wuce wata ruga da aka tashi, babu kowa sai turaku da toka, da wani wari da iska ta kawo masa daga bayan kalgo. Ya ƙara wuta.

Wajen mil na ashirin da uku tsinken ya faɗa hagu gaba ɗaya ya manne. Ƙaurin roba ya taso daga ƙarƙashinsa. Babur ya yi tari biyu, ya yi shiru, ya gangara da shi gindin wata ƙirya ya tsaya.

Ya cusa hannu ƙarƙashin sirdi, wani abu ya ƙone masa yatsu. Da ya kwance sirdin ya ɗaga, ga layar nan. Sabuwar tagulla ce, naɗin ya ninka na da, an ja shi tamau yadda ba zai sake kwancewa ya faɗa aljihun kowa ba. Ta yanka tef ɗin Ladan, babbar wayar ta narke, sabon batir ya kumbura yana tsiyayar ruwa ta bakunansa uku.

Ya warware layar, ya haɗa guntayen waya da haƙori da farce, ya buga kik har ƙafarsa ta mutu. Ya tura babur ɗin a gangare ya ɗane, ya sake turawa. Babu ko tari. Hanya shiru, ba mota, ba jaki, ranar ba ta kasuwa ba ce.

Sai ya kwance filas ɗin ya rungume, ya bar babur a nan ya kama tafiya, yana yi yana haɗawa da gudu. Saura mil goma sha bakwai, rana kuma ta riga ta hau. Duk bayan ɗan lokaci yakan kai filas ɗin kunne ya girgiza a hankali. Da fari yana jin ƙwas-ƙwas na ƙanƙara. Daga baya ƙarar ta yi laushi. Da inuwarsa ta dawo ƙarƙashin ƙafarsa ya girgiza, sai ya ji ruwa zalla yana kai da kawowa.

Ya tsaya. Can gaba, ta inda rugar Modibbo take, ungulaye uku suna kewaya a sama, ba su sauka ba tukuna. Layar tana cikin tafinsa, gumi ya jiƙa fatar. Ya ɗaga hannu zai yi jifa da ita, hannun ya ƙi. Baƙin ciki ya cika shi, ya rasa wanda zai ɗora wa.

Ya san in ya koma gida Inna ba za ta tambaye shi komai ba. Za ta fuskanci bango ta kira sunayensu ɗaya bayan ɗaya, ta fara da Wule, shi kuma ya durƙusa ya amsa wa ƙasa sau goma sha ɗaya. Ya rataya layar a wuyansa, ya gyara riƙon filas ɗin, ya ci gaba da tafiya.