Ranar da Alhaji Nuhu Ya Ce Ya Isa

A shekarar 1984 akwai wasu magidanta a kudancin garin Kaduna da suka mai da jin sauti abin taƙama, masu garmaho da amfilifaya da manyan sifiku. Duk Lahadi, in Kiristocin cikinsu sun taso daga coci, sai su taru a gidan ɗayansu a saurari kayansa. Cyril, wani makaniken Kakuri, shi ne shugaba.

Suna da wata doka ta banza. Mai gida ba ya taɓa maɓallin ƙara murya, baƙo ne ke murɗawa. In mai gida ya ji kayansa za su ƙone, sai ya ce "Ya isa," dole baƙo ya tsaya. Amma wanda duk ya faɗi haka, sunansa ya zama Mai Tiransista, wato mai ɗan ƙaramin rediyo, har abada. Manya da gemunsu, a kan wannan suke cin mutuncin juna.

Shehu kafinta ne a Makera. Sifikunsa biyu daga garmahon yayansa marigayi ya ciro su, ya ƙera musu akwatunan maɗaci da hannunsa. Ranar da layi ya zo kansa, Alhaji Nuhu, dillalin tayoyi daga Tudun Wada, ya riga kowa zama gaban maɓalli.

"Malam Shehu, wannan akwatin lefe ne ko na sauti?" in ji Alhaji.

Aka kwashe da dariya. Alhaji ya ɗora faifai, ya shiga murɗawa.

Cyril ya ce, "Alhaji, a hankali. Tsofaffin kaya ne."

"To mai kaya ya yi magana mana, Oga. Bakinsa ciwo yake?"

Shehu ya ƙi cewa ya isa. Sifikun suka yi tari, suka yi shiru, warin ƙonanniyar waya ya cika ɗaki. Alhaji ya ɗaga hannuwa ya shafa fuska.

"Allah ya jiƙansu. Sun bi marigayi mai su."

Wasu suka sake dariya. Waɗannan ma masu laifi ne, kar kowa ya wanke su.

Shehu ya zaga masu gyara daga Kakuri har Sabon Tasha, kowa ya ce ba sa gyaruwa. Ya mai da akwatunan kusurwarsu, kullum yana goge su. Bai fasa zuwa taro ba. Yana gai da Alhaji, yana tambayar iyali.

Da layi ya zo kan Alhaji Nuhu, falonsa ya cika. Sifikunsa tsarabar aikin hajji ne, tsayinsu ya kai ƙirjin mutum, kuma a lokacin kayan waje sun yi wuyar da ko mai hali ba ya samun irinsu. Ana cikin zuba kunun zaƙi, Shehu ya ja kujera ya zauna gaban maɓalli.

Alhaji ya ce, "Kafinta, ka wanke hannu kuwa?"

"Tun daga gida, Alhaji."

Ya fara murɗawa kaɗan-kaɗan, idonsa a kan mai gida. Kofuna suka soma rawa a kan tire. Hoton bango ya karkace. Alhaji ya yi yaƙe, ya gyara hula, gumi ya keto masa. Sautin ganga ya fara tsagewa.

"Ya isa," in ji Alhaji, ƙasa-ƙasa.

Shehu ya ci gaba.

Alhaji ya miƙe tsaye, babbar riga na zamewa. "Na ce ya isa! Don Allah, Malam Shehu, ya isa!"

Kowa ya ji. Shehu ma ya ji, har ya gyaɗa kai. Sannan ya murɗe maɓallin har ƙarshe, ya riƙe. Sifikar hagu ta fara mutuwa, ta dama ta bi ta. Warin nan da ya sani ya tashi.

Cyril ya yi tsawa, "Shehu, ka karya doka! Ya faɗa, ka ji shi. Kada ka sake zuwa taronmu."

"Da me zan zo, Oga? Ina da abin da za ku saurara ne?"

Ya shanye kununsa, ya tsaya gaban Alhaji, ya ɗaga hannuwa ya shafa fuska.

"Allah ya jiƙansu, Mai Tiransista."

Wannan karon ba wanda ya yi dariya a falon. Amma kafin sati ya zagayo, sunan ya kai shagon tayoyi, kuma bai bar can ba. Shehu kuwa bai taɓa neman afuwa ba, ba kuma shi ya kamata ya fara nema ba.