Gyaran Baba Talle

Hafiza, malamar kimiyyar sinadarai, ta isa rumfar Baba Talle maƙeri da hantsi, tana ta duban agogo. Yau mai duba malamai zai zo daga Maradi ya zauna a ajinta, kuma abin da ya gani shi zai sa a sabunta mata kwantiragi a lise, babbar sakandaren Mayahi, ko a sallame ta.

Tun makon jiya ta ba tsohon zane: ƙwallon ƙarfe a tsakiya, shi ne karbon, da ƙafa huɗu, kowace da ƙwallo mai launinsa. Biyu ta ce ya ƙera, ɗaya hoton ɗaya a madubi. Darasin duka a kansu ya rataya: kayan haɗi iri ɗaya, amma duk yadda aka juya su ba su daidaita.

Ta ɗauka ta juya. Suka daidaita tsaf.

"Baba, ba haka na zana ba."

"Ai na gani, Malama. A na biyun kin sa ja a wurin kore. Na ce gajiya ce, na gyara miki. Ni ba na fidda tagwaye su saɓa."

"Saɓanin nake so."

"To, karatun da kika yo a Aljeriya ke nan. Mutum ya roƙi a yi masa kuskure."

Lokacin yanke ƙarfe ya wuce. Ta kwashi gwangwanin fenti biyu da buroshi, ta haye kabu-kabu. Ta so ta shafa a hanya, yashi na ta jijjiga babur, ta haƙura.

Ta tarar da baƙon ya riga ya zauna a bayan aji. Ta miƙa wa 'yan gaba ƙarafan.

"Ɗaya ne?"

"Ɗaya ne, Madam."

A gabansu ta buɗe fenti. A guda ta mai da ja kore, kore ja.

"Me na ƙara? Me na cire?"

"Babu."

"To, ku daidaita su."

Suka yi ta juyawa, tebur bayan tebur. In launi biyu sun haɗu, biyu sun kauce.

"Sinadarai masu irin wannan siffa su ne énantiomères," in ji ta. "Jiki yana bambanta su. Ɗaya na iya zama magani, ɗan'uwansa bai tsinana komai ba."

Baƙon ya miƙo hannu, aka ba shi. Ya juya, ya sake juyawa, har kore ya shafi hannun rigarsa. Ya dubi rigar, ya dubi Hafiza.

"Madam, baɗi ki shafa tun daga gida."