Mai Hawan Ruwa a Akurkin Raylene

Injin fimbol ɗin Clarrie Tonkin, na wasan harba ƙwallon ƙarfe, ya girmi 'ya'yansa duka. A shagon soyayyen kifi da dankali na bakin teku ya fara ganinsa, tun yana saurayi mai gashi, lokacin da yake tasowa daga masana'antar ƙarfe ta garin Wollongong da baƙin hannu ya zura masa sulalla. Da aka rufe shagon, ya ɗauko shi a akori-kura ya kai rumfar bayan gidansa. Tun daga nan aiki bai ƙare ba. Iskar teku tana cin wayoyi. Robobi suna bushewa su tsage. Fukafukan nan biyu masu dukan ƙwallon ƙarfe, yau na dama ya mutu, gobe na hagu ya maƙale. Clarrie yana bin su ɗaya bayan ɗaya. Bai taɓa kiran mai gyara ba, kuma ba ya son a ambata masa.

Abu ɗaya ne ba shi da magani idan ya lalace, shi ne gilashin goshi. Faffaɗan gilashi ne da ke tsaye a saman injin, mai zanen wata mata a kan allon hawan igiyar ruwa, da jar rana a bayanta, da 'yan tagogi inda lambobin maki suke juyawa. Roba ana saye, waya ana saye. Gilashin nan kuwa an daina yin sa tun da daɗewa. Ga shi fentin bayansa ya fara ɓarewa, kafaɗar matar har ta soma zuba.

Dabarar ita ce a fesa wa bayan gilashin wani fenti marar launi da zai riƙe sauran. Wata safiya Clarrie ya zare shi a hankali, ya kwantar a bakin rumfa, ya fara fesawa. Noelene, matarsa, tana shanya kusa da wurin.

"Clarrie, wannan wane irin wari ne? Zannuwan gadona za ka lalata mini?"

"Yanzu zai wuce."

"Kai ne za ka wuce. Ɗauki abinka ka kai ƙofar gida."

Ya ɗauka ya tafi.

Makon fitar da manyan tarkace ne. Kowane gida ya tula nasa a ciyawar bakin titi, katifu da kujeru masu ƙafa uku da matattun injinan wanki, ana jiran motar ƙaramar hukuma. Kafin ta zo, mutanen unguwa sun gama tsince mai kyau. Abin da ke kan ciyawar nan na wanda ya ɗauka ne, ba tambaya, ba godiya. Clarrie ya san da haka. Baron da ke rumfarsa ma ta nan ya same shi.

A tulin gidansu akwai tsohon teburin cin abinci. Samansa a miƙe yake, ga iska, ga inuwa. Clarrie ya kwantar da gilashin a kai, ya ƙarasa feshinsa, ya ja da baya yana kallo. Aiki ya yi kyau. Sai Noelene ta leƙo ta taga.

"Shayi na kan tebur. Idan ya huce ba na sake ɗumamawa."

Ya shiga. Ya sha shayi, ya ci burodi da man shanu, ya ƙara yanki guda saboda ya gamsu da kansa. Da ya fito, teburin yana nan. Gilashin babu.

Ya duba ƙarƙashin tebur. Ya duba bayan katifa. Ya tsaya ya riƙe ƙugu. Noelene ta fito da tsumman goge kwano a hannu.

"Me ka rasa?"

"Gilashin."

"A ina ka ajiye?"

Ya nuna da haɓa. Ta kalli teburin, ta kalli tulin, ta kalle shi.

"A kan tarkace? A wannan makon?"

"Ɗan lokaci kaɗan ne. Sata aka yi mini."

"Ba a yi maka sata ba, tsoho. Kyauta ka yi." Ta toshe baki da tsumman, kafaɗunta suna rawa. "Kuma ka ga teburin mahaifiyarka ko kallonsa ba a yi ba."

Clarrie ya sa hularsa ya tsallaka titi. Stojan yana zaune a barandarsa kamar kullum. Tare suka yi aiki a gaban wutar narka ƙarfe, kuma tun da ya yi ritaya babu abin da ke wucewa a layin nan bai gani ba.

"Stojan, wa ya tsaya a ƙofar gidana?"

"Mutane da yawa, abokina. Kayanku na bana ba laifi."

"Gilashin injina."

"Au, ashe ba yar da shi ka yi ba? Ni har na ce Noelene ta yi nasara a ƙarshe, saura a fito da kai."

"Kana gani aka ɗauka, ba ka yi magana ba?"

"In ce me? A kan ciyawa yake. Bara da ka ɗauke baron gidan likita, wa ya yi maka magana?"

Clarrie ya ja numfashi. "Wa ya ɗauka?"

"Raylene mai kaji. Ta ɗora shi a keken jariranta, ta lulluɓe da bargo. Ta kula da shi sosai, ka kwantar da hankalinka."

Gidan Raylene Kowald ne na ƙarshe a layin. Duk abin da ke tsakar gidanta a bakin titi ta samo shi. Latas tana fitowa a cikin bahon wanka, ƙofar lambu fuskar gadon ƙarfe ce. Clarrie ya daɗe yana cewa gidan nan abin kunya ne ga unguwa, kuma ya san maganar ta kai kunnenta.

Ya same ta a bayan gida da guduma a hannu. Akurkin kajinta yana da babbar taga da iska ta fasa a watan jiya. Yanzu a gurbin tagar, matar nan ce a kan allonta, da jar rana a bayanta, an riƙe ta da lanƙwasassun ƙusoshi. Fuskar gilashin tana waje. Gefen fenti yana ciki, wajen kaji. Wata jar kaza ta hau sanda tana karkata kai, tana nazarin ranar.

Clarrie ya ruga bakin akurkin.

"Raylene, fitar da kajin nan."

"Ina kwana, Clarrie. Lafiya lau nake, na gode da tambaya."

"Ina kwana. Fitar da su. Za su tsattsage fentin."

Kazar ta kai sara ɗaya. Ya ji ƙarar har cikin haƙoransa.

"Wannan gilashina ne."

"Da naka ne," in ji ta. "A ina na same shi?"

Ya kau da kai ya kalli kazar.

"A kan ciyawa ko a cikin gida?"

"A kan tebur."

"Teburin yana ina?"

"A kan ciyawa."

"To." Ta juya gudumar a hannu. "Kuma ya shiga cif, kamar an auna. Kajina ba su taɓa ganin teku ba, ka ga yanzu sun samu."

Clarrie mutum ne da bai iya roƙo ba. Ya cire hula, ya mayar. A ƙarshe ya ce, "Babu irinsa kuma. Idan ya lalace, injin ya zama akwati."

Raylene ta dube shi sosai. Ta buɗe ƙofar akurkin, ta watsa hatsi a waje, kaji suka yi rububin fita. Ta rataya buhu a kan gilashin ta ciki.

"Ni ba zane nake so ba, taga nake so. Dila yana zagayawa da dare, ba zan bar rami a buɗe ba. Kawo mini gilashin da zai shiga nan, ka sa shi da hannunka, ka ɗauki budurwarka."

"Gobe zan je in sayo."

"Yau. Kuma wa ke sayen gilashi a makon tarkace? Layin nan cike yake da tagogi." Ta karkata kunne. "Sai dai ka hanzarta. Ka ji?"

Ya ji. Daga can saman layi, motar hukuma ta fara aiki, tana haɗiye tuli tana murƙushewa.

"Ɗauki keken," ta ce.

Keken jarirai ne shuɗi, ƙafarsa ɗaya tana kuka, ga ɗan agwagwan roba a ɗaure a hannunsa. Clarrie ya kalle shi kamar an miƙo masa maciji.

"Zan ɗauko a hannu."

"Da wannan bayan naka? Sai a kwashe ku tare da tarkacen."

Ya auna ramin da igiyar takalminsa, ya ƙulla alama, ya kama keken ya fita.

Tulin farko babu komai sai kafet da tukwanen fure. Na biyu akwai madubi, amma Raylene ta riga ta ce kar ya kawo madubi, zakaranta zai yi ta faɗa da kansa. Na uku akwai taga mai kyau, ya ɗora igiya, ta gaza da faɗin yatsa uku. Motar tana matsowa. Ya ƙara sauri, ƙafar keken tana ƙara kuka.

Dole ya wuce ta gaban Stojan. Stojan ya miƙe tsaye, abin da ba ya yi sai don babban baƙo.

"Barka da arziki, abokina. Mace ko namiji?"

Clarrie bai juya ba.

"Ba ku gaya wa kowa ba, kai da Noelene. Yaushe za a yi walima?"

"Zauna kafin ka faɗi."

A gaban wani gida da ake gyarawa ya hango ta: ƙofar kabad mai kaurin gilashi, jingine da tsohuwar kujera. Motar tana gida na gaba. Wani ƙaton ma'aikaci mai rigar ruwan lemo har ya kama hanyar tulin. Clarrie ya riga shi, ya ɗora igiya. Ta yi daidai, har da ɗan rara.

"Za ka ɗauka ne, Baba, ko mu ɗauka?" in ji ma'aikacin.

"Tawa ce."

Mutumin ya taya shi ɗorawa a keken, ya kalli agwagwan roba, bai ce komai ba. Clarrie ya ji daɗin hakan.

Sa tagar bai ba shi wuya ba. Ya ƙi lanƙwasa ƙusa ko ɗaya. Ya sa Raylene ta nemo 'yan siraran katako, ya yi wa gilashin baki ta ko'ina, ya girgiza ya ji ba ya motsi. Ta tsaya a kansa tana kallo.

"Ƙofar ma tana jan ƙasa," ta ce.

"Taga muka yi da ke."

"Na dai faɗa ne."

Ya gyara ƙofar. Ba zai iya barin ta haka ba bayan ya gani. Ta cika masa hula da ƙwai, ta lulluɓe gilashinsa da bargo, ya sake tura keken zuwa gida ta gaban Stojan, wanda ya tambaya ko yanzu 'yan biyu ne.

A rumfa ya buɗe bargon ya duba ɓarna. Saran kazar ya cire ɗigon fenti a tsakiyar rana, bai kai ƙwayar shinkafa ba. Wannan zai iya cikewa da jan fenti. Amma feshin bai gama bushewa ba lokacin da aka kai shi akurki, kuma wani ɗan gashin kaza ya manne a ciki, daidai bayan kan matar. Yanzu ya bushe ƙam. Clarrie ya kawo ɗan hantsaki, ya kama bakin gashin, ya ja kaɗan. Fentin ya ɗago tare da shi. Ya saki da sauri.

Ya daɗe a tsaye da hantsakin a hannu. Sannan ya mayar da shi akwatin kayan aiki.

Ya zura gilashin a gurbinsa, ya kulle, ya kunna injin. Fitilu suka kama ɗaya bayan ɗaya, lambobi suka juya suka koma sifili, ƙararrawa ta buga. Igiyar ruwa ta haska shuɗi, rana ta haska ja. A saman kan matar, inuwar gashin ta fito sarai, a karkace.

Noelene ta shigo da hular ƙwai a hannu tana neman bayani. Ta tsaya gaban injin ta ƙura ido.

"Clarrie, yaushe aka yi mata hula?"

"Ba hula ba ce."

"To mene ne?"

"Matsa, kina tare mini haske."

Ta matsa. Ya ja sandar harbi ya saki, ƙwallon ya haura sama ya faɗa cikin ƙararrawa. Fiffiken hagu ya ɗan yi nauyi, ya lura. Wannan aikin gobe ne, kuma a cikin rumfa za a yi shi, ko da wari ya kori unguwa duka.